Anhalt-Dessau: me ya hana manyan maƙwabta haɗiye wannan ƙaramar masarauta?

MalaminTarihi
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ta shafi waɗanda suka karanci tarihin Jamus na zamanin da take tarin ƙananan masarautu. A shekarar 1603 'ya'yan Sarki Joachim Ernst suka amince su raba ƙasar Anhalt, wadda ta taru a hannun mahaifinsu tun 1570, rabon kuma ya fara aiki a 1606. Johann Georg ya sami Dessau, Christian ya sami Bernburg, Rudolf ya sami Zerbst, Ludwig ya sami Köthen, shi kuwa August kuɗi ya fara karɓa, sai a 1611 aka yanka masa Plötzkau. Kason Dessau kusan murabba'in kilomita 700 ne, mutanensa kuma dubu talatin da ɗoriya a ƙarni na 18, amma wannan 'yar ƙasa ta tsallake Yaƙin Shekara Talatin, ta tsallake Frederick na Biyu na Prussia, ta tsallake Napoleon, har a 1863 ta gaje duk sauran rassan gidan. A ganina abu ɗaya ne ya tsare ta, wato miƙa wuyan da sarakunanta suka yi wa Prussia, don haka 'yancinta na suna ne kawai. Wanda ya ga akasin haka ya kawo hujjarsa.

Lauyan_Unguwa
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga Prussia ya kamata a fara duba dokar Daular Rum Mai Tsarki, domin a ƙarƙashinta Anhalt take har zuwa 1806. Sarkin Dessau ba talakan kowa ba ne sai Kaisar, wato shugaban daular, kuma gidan Anhalt yana da kujera a majalisar sarakuna da ke zama a Regensburg, ko da yake ƙuri'a ɗaya ce tak duk rassan suke tarayya a kanta, babbansu shi ke riƙe da ita. Ga kuma manyan kotuna biyu, ɗaya a Vienna ɗaya a Wetzlar, inda ƙaramin sarki zai iya kai ƙarar babba. Shari'a a can tana ɗaukar shekaru, wannan gaskiya ne, amma duk wanda ya mamaye ƙasar ɗan majalisa ba tare da hujjar gado ba ya ja wa kansa gabar Kaisar da ta sauran sarakuna, domin kowannensu ya san gobe kansa za a zo. Sulhun Westphalia na 1648 ya ƙara tabbatar da wannan tsari.

Ɗan_Bariki
Ranka ya daɗe Lauya, ina dokar take a 1740 lokacin da Frederick ya shiga Silesia da sojojinsa ya ƙwace ta daga hannun Ostiriya? Wanda bai ji nauyin gidan Kaisar ba, takardar kotun Wetzlar ce za ta dakatar da shi? Ni ina tare da mai tambaya. Tun Johann Georg na Biyu, wanda ya auri Henriette Catharina ta gidan Orange a 1659, ya zama matarsa da matar mai mulkin Brandenburg (ƙasar da Berlin take ciki, tushen Prussia) 'yan'uwan juna ne, sarakunan Dessau suka shiga aikin sojan Berlin. Bayan Halberstadt ta koma hannun Brandenburg a 1648, Magdeburg kuma a 1680, Anhalt ta wayi gari kusan a kewaye. Ɗansa Leopold na Farko, wanda ake kira Tsohon Dessau, shi ne ya kai wannan hidima ƙarshenta. A 1698 ya sa rundunarsa ta daina amfani da sandar katako wajen danna albarushi da harsashi a cikin bindiga, ta koma ta ƙarfe wadda ba ta karyewa a tsakiyar faɗa, sannan ya matsa wa sojoji da atisayen tafiya da taku ɗaya har suka fi na kowa saurin ɗuri da harbi. Ya yi yaƙi a Höchstädt a 1704, da Turin a 1706, da Malplaquet a 1709, ya zama fil mashal, wato babban kwamandan soja, a 1712, kuma yana dattijo mai shekara 69 ya ci yaƙin Kesselsdorf kusa da Dresden a Disamban 1745. Mutumin da ya gina maka sojan ƙasa ba za ka ƙwace masa gida ba.

Lauyan_Unguwa
Ɗan'uwa Ɗan_Bariki, ko a Silesia sai da Frederick ya nemo tsofaffin yarjejeniyoyin gado ya kafa hujja da su, wanda ke nuna cewa shi ma ya san ana bukatar hujjar. Kuma rayuwar Leopold ɗin da ka ambata tana goyon bayana. Ya auri Anna Louise Föhse, 'yar wani mai haɗa magunguna a Dessau, a 1698, duk da ƙin mahaifiyarsa. Da a ce an bar auren haka, 'ya'yansa ba za su gaji sarauta ba, ƙasar sai ta tafi wajen 'yan'uwa na Köthen ko Bernburg ko Zerbst. Kaisar ne a 1701 ya ɗaga matar zuwa darajar gimbiya ya halatta wa 'ya'yanta gado. Sarkin Prussia ba shi da ikon yin wannan. Saboda haka ƙofa biyu Dessau take bi, ta Berlin da ta Vienna.

Hajiya_Malama
Ina biye da ku. Abin da nake so a fayyace shi ne dalilin rabon tun farko, domin mutanen da suka ga ƙasarsu ta haɗu bayan dogon rarrabuwa, me zai sa su sake yayyanka ta da hannunsu?

Ɗalibin_Halle
Hajiya, a wancan zamani gidajen sarauta da yawa a Jamus suna ɗaukar ƙasa a matsayin dukiyar iyali, kowane ɗa namiji yana da haƙƙi a cikinta, musamman a gidajen Furotesta, inda babu hanyar tura ƙannai su zama manyan limaman coci su ci daga can kamar yadda Katolika suke yi. Amma 'yan'uwan na Anhalt ba su yanke zumunci ba. Sun bar wasu abubuwa a dunƙule, sun kuma yarda cewa duk reshen da ya rasa magaji namiji, kasonsa ya dawo wa saura. Wannan sharaɗi shi ya yi aiki a 1665 da zuriyar Ludwig ta ƙare a Köthen, ya sake yi a 1793 a Zerbst, da 1847 a Köthen, da 1863 a Bernburg. Leopold ne ya rufe ƙofar sake rabo a Dessau a 1727, da ya kafa dokar cewa ɗan fari kaɗai ke gadon ƙasa. Don haka ina ganin akwai dalili na uku da Malam bai lissafa ba, wato haihuwa. Reshen Dessau bai taɓa rasa ɗa namiji ba, sauran kuwa duk sun rasa.

Baba_Manomi
Ku yara kuna ta maganar fada da kotu, kun manta da ƙasar kanta. Dessau tana inda kogin Mulde yake zuba cikin Elbe, fadama ce da ambaliya ke cinyewa. Leopold bai tsaya ga yaƙi kaɗai ba: ya ɗaga jinga a bakin koguna, ya haƙa magudanai ya busar da dausayi, ya kafa sababbin ƙauyuka. Abin da ya fi wannan girma shi ne yadda ya bi manyan gidaje masu gandaye na gado ya saye filayensu ɗaya bayan ɗaya, wasu da yardarsu wasu da matsi, har ya zama kusan babu wani babban mai ƙasa a masarautar sai sarki. Gandayen nan aka riƙa bai wa manoma masu jari haya, kuɗin yana shiga baitulmalin fada kai tsaye. Ya kuma sayi wasu manyan filaye a Gabashin Prussia. Sarkin da ba ya bukatar roƙon masu ƙasa su amince masa da haraji, kuma bashi bai shaƙe shi ba, yana da wuyar kayarwa. Ƙananan masarautu da dama bashi ne ya jefa su hannun kwamitin Kaisar, ba takobi ba.

MalaminTarihi
Allah ya ƙara girma, Baba. Sai dai albashin fil mashal da alfarmar Berlin suna cikin abin da ya ba shi ƙarfin sayen gandayen, kuma filayen Gabashin Prussia da kuka ambata a ƙarƙashin sarkin Prussia suke, wato igiya ce a hannun Berlin. Har yanzu maganar tana komawa inda na fara.

Ɗalibin_Halle
Malam, jikan Leopold ya karya wannan ƙa'ida kuma masarautar ba ta faɗi ba. Leopold na Uku Friedrich Franz, wanda talakawa suke kira Baba Franz, an haife shi a 1740, ya zama maraya a 1751, baffansa Dietrich ya riƙe masa sarauta. Yana saurayi ya bi sojan Prussia zuwa Yaƙin Shekara Bakwai, amma bayan kashin da aka sha a Kolin a 1757 ya ajiye aikin soja ya koma gida, ya hau gadon mulki a 1758. Frederick ya fusata, ya ɗora wa ƙasar kuɗin tilas masu nauyi da ɗibar abinci da samari, Franz kuwa ya biya kaso mai yawa daga dukiyarsa, har da sayar da kwanukan azurfa na gidansu. An hukunta shi, amma ba a tuɓe shi ba.

Na zauna a yankin lokacin karatu, kuma na je Wörlitz, inda ya zuba ƙarfinsa bayan yaƙin. Shi da abokinsa magini Erdmannsdorff sun zaga Ingila da Italiya, suka dawo suka gina fada tsakanin 1769 da 1773, gini mai ginshiƙai huɗu a gaba, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin sabon salon ginin Girka da Rum a Jamus. Lambun ba shi da katanga, kuma tun zamaninsa kowa yana iya shiga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gona da lambu suka cakuɗe: kana tafe a ƙarƙashin manyan itatuwa sai ka ɓullo ga makiyaya, ka hau jingar da ke tare ruwan Elbe sai ka tarar ita ma an mai da ita hanyar yawo, da 'yan ɗakunan masu gadin ambaliya a kanta waɗanda aka ƙawata kamar gidajen shaƙatawa. Ana tuƙa baƙi a kwalekwale ta ƙarƙashin gadoji iri-iri, kowacce da salon gininta, daga ta gungumen itace har zuwa ta ƙarfe da aka yi a 1791, ƙaramin kwafin gadar ƙarfe ta farko da ke Ingila. An shirya su ne domin mai yawo ya koyi yadda fasahar gada ta ci gaba. A wani tsibiri kuma akwai dutse mai aman wuta na ƙirar hannu da aka gina don tunawa da dutsen Vesuvius na Italiya. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000.

Mai_Bin_Diddigi
Ina girmama abin da ka gani, ɗan'uwa, amma a yi adalci. Kuɗin da ya gina Wörlitz daga gandayen da kakansa ya tattara da matsi suka fito. Franz bai mayar wa kowa fili ba, bai kuma kafa wata majalisa da za ta iya ce masa a'a ba. Yana da son farauta da dawaki da karnuka kamar kakansa, kuma namun dajin da ake tanada domin wannan farauta gonakin talakawa suke ci. Dutse mai aman wuta na wasa a ƙasar da ambaliyar 1770 da 1771 ta jefa mutane cikin yunwa abu ne da ya kamata a yi tambaya a kansa. Mulkin mutum ɗaya ne, an dai yi dace mutumin yana da tausayi.

Baba_Manomi
Gaskiya ka faɗa game da farauta. Amma a ba shi nasa: bayan ambaliyar nan ya ƙara tsawon jinga, ya sa aka dasa itatuwan marmari a gefen hanyoyi, ya ƙarfafa shuka ciyawar dabbobi a gonakin da a da ake bari su huta, wanda ya ƙara taki da nono. Mutane daga wasu ƙasashe suna zuwa ganin noman kamar yadda suke zuwa ganin lambun.

Hajiya_Malama
Ni ta fuskar makaranta na san sunan Dessau. Franz ya gayyato Johann Bernhard Basedow, wanda ya buɗe makarantar Philanthropinum a ƙarshen 1774. A lokacin da ake cusa wa yara Latin da hadda da bulala, ita tana koyar da harsuna ta hanyar magana, da ilmin halittu, da sana'ar hannu, da motsa jiki, kuma tana karɓar yara ba tare da duba ɗariƙarsu ba. Masanin falsafa Immanuel Kant da kansa ya yi rubutu yana kira a tallafa mata. Sai dai ɗalibanta ba su taɓa yin yawa ba, akasarinsu 'ya'yan masu hali ne daga nesa, malamai kuma suna ta saɓani da Basedow, har aka rufe ta a 1793. Ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha, domin Salzmann da ya bar ta ya kafa tasa a Schnepfenthal a 1784 wadda ta daɗe ƙwarai. 'Ya'yan Dessau sun fi amfana da gyaran makarantun gwamnati da aka fara a 1785. Abin da nake so in jawo hankalin Malam a kai shi ne, babbar ƙasa ba za ta yarda a yi irin wannan gwaji a cikinta da sauƙi ba. Ƙanƙantar ce ta ba da dama, kuma sunan da Dessau ta yi a idon masana Turai ya zama mata wata irin garkuwa.

Ɗan_Bariki
Hajiya, suna ba ya tare igwa. Amma a kwatanta da Zerbst, tunda gida ɗaya ne. Ba a can aka haifi Sarauniya Catherine ta Rasha ba?

Ɗalibin_Halle
'Yar gidan Zerbst ce, amma a Stettin aka haife ta a 1729, domin mahaifinta Christian August janar ne a sojan Prussia yana riƙe da garin. Daga Zerbst dai ta tashi zuwa Rasha a farkon 1744, ta hau mulki a 1762. Ƙanenta Friedrich August shi ne sarkin Zerbst na ƙarshe. Ya ɓata da Frederick a lokacin Yaƙin Shekara Bakwai, ya bar ƙasarsa a 1758, ya riƙa mulki da wasiƙa daga Basel, daga baya daga Luxembourg, inda ya mutu a 1793 ba magaji. Shi ne ya ba Ingila hayar sojoji fiye da dubu a yaƙinta da Amurka, aka kai na farkonsu Quebec a 1778, bayan Frederick ya hana su ratsa ƙasarsa kuma da yawa sun gudu a hanya. A 1797 aka raba ƙasarsa da ƙuri'a tsakanin rassa ukun da suka rage, garin Zerbst ya faɗo wa Dessau.

Lauyan_Unguwa
To ga shi nan. Sarki ya yi gaba da Prussia a fili, ya bar ƙasarsa shekara 35, amma Prussia ba ta haɗiye ta ba, kuma da ya mutu 'yan'uwansa ne suka gada bisa yarjejeniyar gida. Idan hidimar Berlin ce kaɗai ke tsare masarauta, da Zerbst ta tafi tun 1758.

MalaminTarihi
Lauya, wanda yayarsa ke mulkin Rasha ba misali ba ne na ƙaramin sarki marar gata. Daga 1762 duk mai son taɓa Zerbst sai ya tuna da Catherine.

Umman_Sadiq
Ku gafarce ni in koma baya kaɗan, domin an tsallake ƙarni na 17 da sauri. Christian na Bernburg, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka yi rabon, shi ne ƙashin bayan ƙungiyar sarakunan Furotesta ta 1608, shi ya jagoranci sojan Bohemia a yaƙin Farin Dutse kusa da Prague a 1620, aka ci su, Kaisar ya yi shelar fatattakarsa, sai a 1624 aka yafe masa ya koma ƙasarsa. A 1626 kuma a gadar Dessau ta kan Elbe Wallenstein, janar ɗin Kaisar, ya ragargaza rundunar Mansfeld, kwamandan ɓangaren Furotesta. A lokacin Brandenburg ba ta iya kare kanta ma, balle ta kare wani. Wa ya tsare Anhalt a waɗannan shekaru? Ƙasar ta sha wahala ƙwarai, ƙauyuka sun zama kufai, amma sarautar ba ta gushe ba, ko ta wanda ya ɗaga takobi a kan Kaisar.

Ina kuma son a ambaci Yahudawan Dessau, waɗanda aka ba izinin zama a 1672. A cikinsu aka haifi masanin falsafa Moses Mendelssohn a 1729, wanda ya bi malaminsa zuwa Berlin a 1743 yana ɗan shekara 14. Franz ya gina musu wurin ibada a cikin lambun Wörlitz wajen 1790, aka kuma buɗe musu makarantar zamani a Dessau a 1799. Sarakunan suna bin ɗariƙar Calvin tun 1596, ga mabiya Luther a ƙasar, ga Yahudawa masu biyan kuɗin kariya suna raya kasuwanci. Ƙaramar ƙasa da yaƙi ya rage wa mutane ba ta da halin korar kowa.

Ɗalibin_Halle
Umma, wurin ibadar yana nan har yau, ɗan kewayayyen gini ne a kan tudu a bakin tabki. Akwai wani wuri a lambun da aka sare itatuwa da gangan domin mai tsayuwa ya hango shi tare da hasumiyar cocin garin a lokaci guda. A 1938 an lalata kayan cikinsa, amma ginin ya tsira daga ƙonawa.

Mai_Bin_Diddigi
Hujjar Lauya tana da iyaka, kuma iyakar ita ce 1806. Daular ta rushe, kotunan sun rufe, masarautu da yawa masu irin wannan haƙƙi an miƙa su ga Bavaria da Württemberg da Baden. A shekarar nan Napoleon ya karya Prussia a Jena, saboda haka hujjar Malam ma ta faɗi a lokaci guda. Franz ya shiga ƙungiyar Rhine ta Napoleon a 1807, ya ɗauki muƙamin Herzog wanda ya fi nasa na da, farashin kuwa shi ne samarin Anhalt da aka tura yaƙe-yaƙen Faransa har Sipaniya da Rasha, da yawansu ba su dawo ba. Mutumin da ya bar soja a 1757 saboda ƙyamar zubar da jini ya ƙare yana ba da 'ya'yan talakawansa domin sarautar ta ɗore. Wannan ne ya sa ba na jin daɗin tambayar yadda aka yi ta. Ana tambayar abin da ya tsare masarauta, ba a tambayar wa ya biya.

MalaminTarihi
Na karɓi wannan ƙarin, amma ban janye ba. Ina ganin abin da ya ceci Anhalt a 1807 shi ne inda take a taswira: maƙwabcin da zai iya haɗiye ta shi ne Prussia, Napoleon kuwa rage Prussia yake so, ba ƙara mata ba. Bayan 1815 ta sake zama tsibiri a tsakiyar ƙasar Prussia, kuma da rikicin kuɗin fito ya taso, Köthen ta yi shekaru tana turjiya ana tare mata jiragen ruwa a Elbe, a ƙarshe a 1828 ita da Dessau suka shiga tsarin kwastan na Berlin.

Lauyan_Unguwa
Sun shiga ta hanyar yarjejeniya da aka sa wa hannu, Malam, kuma an ware musu kasonsu na kuɗin fiton bisa yawan jama'arsu. Lardin da aka ci da yaƙi ba a zama da shi a teburi a yi lissafin kasonsa. Ina roƙon Ɗalibin_Halle, idan ya sami sarari, ya kawo mana bayanin rawar da Franz ya taka kafin ƙungiyar sarakuna ta 1785, domin shi da sarakunan Weimar da Baden ne suka fara shawarar haɗa kan ƙananan masarautu, Frederick ya zo daga baya ya karɓe ragamar don ya tare Kaisar Joseph na Biyu daga mallakar Bavaria. A nan ne za a ga ko Dessau tana da siyasar kanta ko ba ta da ita.